Kwafin da Na Hana Shi Fita Daga Madani

Ni ne na ce kada kwafin ya fita daga Madani. Na fara da wannan ne don kada wani ya zaci zan ɗora wa yaƙi dukan laifin.

A lokacin ni ne shugaban kwamitin manoma na ƙauyukanmu da ke bakin tur'a, babbar hanyar ruwan noma, kusa da Suki. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina karanta takarda, ina sa hannu, kuma ana jin maganata. Kowane gida a cikinmu yana da hawasha, wato gonar da aka yanka masa tun zamanin iyaye, shaidarta kuwa takarda ce guda ɗaya. Gara ta ci ta wasu, ruwan damina ya ɓata ta wasu. Sai muka yanke shawarar a tattara takardun, a ɗauki hotonsu, a zuba su a na'ura tare da sunan kowa da iyakar gonarsa. Ɗiyar ƙanwata, wadda ta karanta ilimin kwamfuta a birnin Madani, ita muka ba aikin.

Wanda ya fi ba ni wahala wajen karɓar takarda shi ne maƙwabcina. Tare muka tashi, hawasharsa tana manne da tawa, ruwa ma sai ya ratsa tasa yake iso tawa. Takardar ta mahaifinsa ce, a naɗe cikin leda a ƙasan akwatin ƙarfe.

Ya ce, “Alhaji, wagga takarda ta girme ni, ta girme ka. Ba ta taɓa kwana waje ba.”

Na ce, “To yau ta ga gari. Madani za ta, ba lahira ba.”

Ya yi dariya, ya miƙo mini da hannu biyu. “Kai ka ɗauka, kai za ka maido.”

Bayan an gama zubawa, yarinyar ta kira mu dattawa uku zuwa Madani. Ta shiga da mu wani gini inda ake aje manyan na'urori na mutane daban-daban, jere a kan kantoci kamar akwatuna. Sanyin ɗakin ya sa ɗayanmu ya ja rawaninsa ya rufe kunne, yana tambaya ko nan gawa ake ajewa. Ta nuna mana tamu. Ta ce na'ura tana mutuwa kamar jaki, ba sallama, don haka dole a sami manhajar da za ta riƙa kwafe rajistar kullum. Guda biyu ta yi makonni tana gwadawa, tana so mu zaɓa.

A gabanmu ta goge ƙauyenmu gaba ɗaya. Ta ce in faɗi sunana, ta nema, babu ni. Sai ta danna wani abu, jim kaɗan ga mu mun dawo, har da hoton takardar maƙwabcina da hatiminta. Ta maimaita da manhaja ta biyu, ita ma ta dawo da mu. Bambancin shi ne, ta farko tana aje kwafin a wata na'ura da ke ƙarƙashin tamu, a kanta ɗaya. Ta biyu kuwa tana aika shi ta waya zuwa wani wuri mai nisa, a wata ƙasa. Ita ta biyun take so.

Na ce, “Wa ke riƙe da shi can?”

Ta ce, “Kamfani ne, Kawu. Amma a kulle yake tafiya, mabuɗin yana hannunmu.”

Ban gane kulle marar kwaɗo ba. Abin da na gane shi ne, a rajistar nan akwai sunan mutum, da na ubansa, da na kakansa, da garin da kakan ya fito. Mu kuma mun girma muna jin ana ce mana baƙi, alhali kaburburan kakanninmu suna nan bayan gari. Na ji tsoron ranar da jerin sunayen nan zai faɗa hannun wanda ba ya son mu. Wannan tsoron gaskiya ne, har yau ban ce wauta ce ba.

Ta ce, “Kawu, irin dawarka rabi yana gidanka, rabi yana gidan innata. Don mi?”

Na ce, “Don gobara.”

“To wanga ɗaki ma yana iya cin wuta.”

Dattijon da ya rufe kunne ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, “Alhaji, injiniya ta kayar da kai.” A nan ne tsoro ya koma girman kai. Yarinyar da na yi wa huɗuba a kunne ranar da aka haife ta, ita ce za ta gyara ni a gaban tsarana? Na ce irin dawa ba ya ɗauke da sunan kakan kowa, kuma muddin ina shugaba, suna ɗaya ba zai ƙetare Madani ba. Ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ta ce, “To, Kawu.”

Takardun asali kuma, ni na ce a bar su a kabad ɗin ƙarfe na ofishinmu a Madani, inda gara ba ta kaiwa. Tawa dai, ranar da aka ɗauki hotonta na ninke ta na sa a aljihu na dawo da ita gida. Ban yi tunanin komai ba a lokacin, hannuna ne kawai ya san abin da ya fi aminci. Sau biyu maƙwabcina yana tambayar tasa, sau biyu ina cewa sai na sake shiga gari.

Da yaƙi ya iso Madani, yarinyar ta fito da kayan jikinta kawai. Daga baya mu ma muka bar ƙauye, muka yi watanni a wajen dangi ta gefen Damazin. Da hanya ta buɗe, yarinyar ta koma Madani ta duba. An ɓalle ƙofofi, kantocin babu komai, har wayoyin bango an zare. Na'urarmu da mai riƙe da kwafinta, ɗaya a kan ɗaya suke, rana ɗaya aka ɗauke su. Kabad ɗin yana kwance a buɗe, a tsakar ofis kuma akwai toka inda wasu suka yi girki.

Da muka dawo, maƙwabcina ya tarar wani ya shuka hawasharsa, kuma mutumin yana da takarda sabuwa fil. Aka zauna gaban masu sasanci. Na ba da shaida, na faɗi iyaka daga bishiyar giginya zuwa bakin ruwa, wasu dattawa ma suka faɗa. Aka saurare mu da ladabi, sannan aka tambayi maƙwabcina takardarsa.

Ya ce, “Tana wurin Alhaji.”

Bai ɗaga murya ba, bai ma dube ni ba. Aka ce mai takarda ya ci gaba da noma har ranar da aka kawo wata hujja.

Na je gidansa na ce ya ɗauki rabin tawa, in ya so duka. Ya ce, “Ba gona nika nema wurinka ba, Alhaji. Takardar babana nika nema.” Yanzu ƙwadago yake yi a gonakin albasa, da furfurarsa.

Na kira yarinyar a waya, na ce ta ƙara tunani, ko akwai wani kwafi da ya maƙale a wani wuri, ko da a ɓoye ta yi. Na yi fata a ce ta saɓa mini. Ta ce, “Kawu, ka ce kada ya fita. Bai fita ba.”

Ranar ban ruwa, har yanzu ta waccan hawashar ruwa yake bi kafin ya iso tawa. Sabon mai gonar yakan buɗe mini hanya, ya gaishe ni da girmamawa, ni kuma in amsa.