Tsakuwar da Baban Fili Ya Kwashe

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kula da filin ƙwallon wata masaƙa, har mutane suka manta sunansa na yanka, kowa sai Baban Fili. Shi ke ban ruwa da sassafe, shi ke tura injin yankan ciyawa, shi ke zana farin layi. Wanda duk ya taka masa ciyawa ba ranar wasa ba, to sai ya gwammace kiɗa da karatu. Da masaƙar ta durƙushe aka yanka filin fuloti-fuloti, shi kuma ya koma gida da tiyonsa a kafaɗa.

A bayan gidansa akwai ɗan sarari, taku goma sha biyu a tsawo, takwas a faɗi, wanda aka zuba wa tsakuwa tun ginin gidan saboda taɓo. Nan ya kafa ƙananan ragogin ƙwallo biyu don jikarsa, 'yar ɗansa tilo, yarinya 'yar shekara tara mai bugu da ƙafar hagu. Kyaftin yake kiranta. Duk Asabar ubanta ke kawo ta, ita tana bugu, shi yana tsaron raga da gwiwoyinsa masu ƙara kamar tsohon ƙyaure.

"Tsoho, ko kaza ce ta buga sai ta ci ka," in ji ta.

"Ke dai buga, mai ƙafar tsinke. Na tsare wa waɗanda suka fi ubanki."

Asabar ɗin nan ita ce duk abin da ya rage masa a mako. Sauran kwanaki shida jira ne kawai.

Wata rana Kyaftin ta zame, tsakuwa ta tsaga mata gwiwa, sai da aka yi ɗinki huɗu. Uwar yarinyar ba ta ɗaga murya ba, mace ce mai kunya. Ta dai durƙusa ta ce, "Baba, a yi haƙuri, ba za ta ƙara wasa a kan duwatsun nan ba." Daga nan Asabar ta koma kamar Talata.

Matarsa ta ce ya shuka ciyawa mana, tunda sana'arsa ce. Ya girgiza kai. Katanga ta tare rana, famfo sau biyu yake zuwa a mako, ciyawa ba za ta kama ba. Abin da ya rage sai ciyawar roba, wadda ya yi shekara da shekaru yana yi wa ba'a, yana cewa tabarma ce aka yi wa fenti. Ya haɗiye maganarsa, ya kira mai shimfiɗa ta.

Mutumin ya zo ya auna, ya taka tsakuwar, ya yi murna. "Baba, ai ka huta. Wannan ita ce rabin aikin. Mu daddaɓe ta, mu zuba yashi a kai, mu shimfiɗa. Ta nan ruwa zai riƙa tsanewa."

"A kan dutse za ka sa mini ciyawa?"

"Wannan ba ta da saiwa, Baba. Ba ƙasa take nema ba, hanyar ruwa take nema."

"Ɗana, tun kana tsumman goyo nake tsince duwatsu daga fili. Wannan tsakuwar ta sha jinin jikata. Ko ƙwaya ɗaya ba za ta kwana a ƙarƙashin ƙafarta ba."

Kwana uku ya yi da shebur da baro, shi kaɗai, matarsa tana bakin ƙofa tana cewa, "Malam, bayanka fa." Ya kwashe ta tas, ya ba maƙwabcinsa da ke gini. Sai jar ƙasa mai yumɓu ta fito, ya daidaita ta da hannunsa, sumul. Mai shimfiɗa ya dawo ya gani, ya ce shi dai ya faɗi gaskiyarsa, ya shimfiɗa ya tafi.

To, a gaskiya wurin ya yi kyau. Kore shar, har maƙwabta na leƙowa ta katanga. Baban Fili ya zana farin layi, ya buga wa ɗansa waya. Ɗan ya ce ana jarrabawa, sai an yi hutu. Mako biyar.

A mako na uku aka yi ruwan farko. Ruwan ya ratsa ciyawar ya tarar da yumɓu, ya rasa inda zai bi, ya zauna. Kafin hutu ya zo shimfiɗar ta tattare kamar zanen gadon mai zazzaɓi, in ka taka nan sai can ya kumbura, jan ruwa ya ɓulɓulo ta mahaɗa. Ga wari, ga sauro.

Ranar da za su zo, tun da gari ya waye yake korar ruwa da tsintsiya, yana dafe da ƙugu. Suka iso. Kyaftin ta ruga bayan gida da sababbin takalma, ta yi taku uku, taɓo ya fantsamo mata har cinya. Ta tsaya cak.

"Tsoho, filinka wari yake."

"Ai sabo ne, Kyaftin. Zo ki buga ɗaya."

Ta ajiye ƙwallo ta buga. Ƙwallon ya gangara kaɗan ya maƙale a kwari, bai kai gare shi ba. Uwarta na tsaye a bakin ƙofa, ta dubi wurin, ta dubi tabon gwiwar 'yarta. A falo suka ƙarasa ziyarar. Nan ya ji cewa an sa Kyaftin a ƙungiyar makarantarsu, kuma ranar Asabar suke atisaye.

Washegari ya je ya tambayi maƙwabcinsa ko tsakuwar na nan. Mutumin ya nuna masa harsashin gininsa, ta daɗe a cikin kankare. Mai shimfiɗa kuwa ya ce sai an ɗage komai an sake daga farko, kuma shimfiɗar ta riga ta lalace, ba za ta koma daidai ba. Shi kuwa Baban Fili, ciwon baya bai bar shi ya ƙara ɗaukar shebur ba tun waɗancan kwanaki uku.

Damina ta wuce, taɓon ya bushe da tudu da kwari. Ta tsakanin mahaɗar robar wata 'yar ciyawa ta gaske ta leƙo, siririya, irin wadda da can yake tugewa ya yar. Ranar Asabar matarsa ta tarar da shi zaune a kan kujera, tiyo a hannu, yana ba ta ruwa.

"Malam, ko in kira maka su a waya?"

"Bar su," ya ce. "Yanzu tana fili."