Malam Batu Ɗaya

Ɗalibai ne suka laƙaba masa Malam Batu Ɗaya, kuma ko da ya yi ritaya sunan bai sake shi ba. A aji ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da yadda ake gina sakin layi: ka buɗe da jimlar da ta faɗi batunka, ka kawo hujja, ka yi bayaninta, sannan ka rufe. Batu na biyu kuwa ya jira nasa sakin layin. Jan biron da ya ƙarar a kan wannan, Allah kaɗai ya san yawansa.

Matsalar Malam, bai iya barin aiki a wurin aiki ba. Matarsa, Allah ya jiƙanta, akwai surutu. Takan fara labarin tela, ta faɗa kan ciwon ƙafar yayarta, ta ɓulla wajen akuyar maƙwabta, telan na can an manta da shi. Sai Malam ya tare ta: "Wai ina batun yake ne?" Ta yi dariya ta ce, "Yana zuwa, Malam, a ƙafa yake tafe."

Ita dai ba ta gyaru ba har ta koma ga Mahaliccinta. Yaran ne suka gyaru, har gyaran ya yi yawa. Autarsu, wadda ke digiri na biyu a wani gari mai nisa, in ta kira sai ta ce, "Baba, magana ɗaya ce," ta faɗe ta tsaf, ta yi sallama. Shi kuwa ya bi wayar da kallo. Falo tsit, sai ƙarar fanka. Kewa ce ke cin sa, amma da wane baki zai ce a yi masa surutu?

Wata rana da la'asar ta kira. Malaminta ya dawo mata da babi na biyu na kundin bincikenta, wai wani sakin layi ya cakuɗe. Ta karanta wa mahaifin nata. Nan take ya gano ciwon, batu biyu ne aka cusa wuri guda. Ya ce ta raba su, jimla ta uku kuma ta dawo farko.

"Wallahi haka ne, Baba! Ka san a bas na rubuta shi, ga wata tsohuwa a gefena da kaza a kwando, kazar ta fizge ta haye kan direba, shi kuma direban ashe ƙanin mai gidan da nake haya ne, wanda matarsa..." Ta yi turus. "Yi haƙuri, Baba, na saki batu."

Muryar uwarta ce sak, har da inda take jan numfashi. Malam ya ajiye jan biron da ya ɗauka bisa sabo.

"Baba? To bari in bar ka ka huta."

"A'a, Auta," ya ce da sauri, yana gyara zama. "Kazar fa? An kama ta?"