Hannun Ƙanina Ya Kai Kunne

Duk sanda aka kaɗa ƙarfen shiga aji, sai hankalina ya koma ƙauyenmu kusa da Sandamu, ranar da aka zo ɗaukar 'yan makaranta. Lokacin yankan gero ne, ƙofar gidan mai gari cike da yara. In ba ka riski zamanin ba, bari in faɗa maka: ba a tambayar shekaru, don ba mai riƙe su. Cewa ake ka ɗora hannu bisa kai ka kamo kunnen ɗaya gefen. In ya kai, ka isa.

Ni aka kawo. Ƙanina rakiya ya yi, amma dogo ne irin dangin innarmu, ga son a yi da shi. Ya miƙa hannu ya cafke kunne. Aka yi dariya, aka rubuta shi.

Kakarmu ce ta ɓata rai. Ta ce wa babanmu, "Bara waccan fa aka yaye yaron nan. Tsawo ne kawai." Baba ya ce malamai sun fi mu sani.

Benci ɗaya muka zauna. Alli ya ƙi zama a yatsunsa, kafin tara ta yi ya fara gyangyaɗi. Ya sha bulala har ya daina kuka. Sunan daƙiƙi ya bi shi har gida, bai kai aji uku ba ya bi kawunmu fataucin dabbobi. Har yau abin yana min ciwo.

Yanzu ina koyarwa a Daura, furfura ta fara leƙowa. Na daɗe ina son yin digiri na uku, in haɗa ilimin halayyar ɗan Adam da na koyarwa, sai jan ƙafa nake: ga yara, ga zirga-zirgar zuwa jami'a a Kano.

Kwanaki ƙanin nawa ya biyo ta gidana daga kasuwar Mashi, tare da ɗansa da ya isa makaranta tuni. Na ba shi labarin karatun. Sai ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, in kin je ki tambayo min, wai daƙiƙanci gado ne? Shi ya sa ban sa wannan ba. Tsoro nake ya ɗauko kaina."

Yau yara da takardar haihuwa suke zuwa mana, amma ƙanina, ga shi mai iyali, bai sauke hukuncin da aka yanke masa yana ɗan shekara huɗu ba. Karatun zan yi, in Allah ya yarda. Yaron dai ban bari ya jira digirina ba, yana ajina, a bencin gaba.