Takardun harajin Baba

"Tausa fa za ta koya, Yaya. Tausa da ɗori. A kan wannan za ka miƙa wa gwamnati takardunka?"

Baffa Sani ke nan, ƙanen mahaifina, a falonmu na unguwar Highbridge, nan ƙasar waje inda muke zaune. Na samu gurbi a makarantar likitanci, irin wadda bayan magani da tiyata ake koyar da gyaran ƙashi da gaɓoɓi da hannu. Jiha za ta biya kaso mai tsoka na kuɗin makaranta, amma sai an haɗa da takardun harajin Baba. Babu su, babu karatu.

Baba agogo yake sayarwa a kan tebur a bakin titin Canal Street, kuma a wancan lokacin baƙi 'yan tebur ko sunansu ba sa son rubutawa a fom, don tsoron hukuma.

Baba ya dube ni. "Hadiza, in kin gama, likita za a ce miki?"

"Likita, Baba. Har magani zan rubuta wa Baffa."

Ya juya ga ƙanensa. "Sani, kowace shekara suna karɓa a hannuna ban ɓuya ba. Yau da za su bayar ne zan ɓuya?"

Washegari bai buɗe tebur ba, da kansa ya raka ni ofishin da ake miƙa takardun.

Ɗazu na ji wani a rediyo yana cewa a soke wannan tallafin, wai sadaka ce ake barbaɗa wa masu tausa. Sai da na ajiye mota don takaici. Ni ba sadaka na ci ba, gumin ubana ne ya dawo gida.

Ku wa ya taɓa tsaya muku haka?