Rumbun Malam Hambali da rafin Mainika

Malam Hambali na Mainika mutum ne mai son sanin dalilin kowane abu. A masaƙa yake aiki a Kano, har zamanin tsuke bakin aljihu ya zo aka sallame su, ya dawo gida ya kama fartanya. Gidansu na gado yana gab da rafi, rumbunsa ne na ƙarshe ta wajen ruwa.

Abin da ya hana shi sakat, rafin ya sake hali. Da can har bayan kaka yana gudana. Yanzu da rani yashi ne zalla, da damina kuwa sai ya taso lokaci guda yana zaftare gaɓa. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, inuwar rumbun har cikin kwazazzabo take faɗawa. Ta da rumbu ba ƙaramin aiki ba ne, barinsa kuma kasada ce da abincin shekara.

Sai ya kwaɓa laka a tsakar gida, ya gina yankin nasu a ƙasa: ga tudu, ga gonaki, ga rafi, ya kifa ƙoƙo a madadin rumbu. Ya huhhuda gwangwani, ya tsuguna yana yayyafi yana kallo. Kullum ruwan sai ya bi rafi salin-alin, ƙoƙo na nan daram.

"Malam, da furfurarka ka koma wasan ƙasa?" in ji matarsa Uwaliya.

"Ruwa nake tambaya. Ya ce rumbu ya zauna."

"Da wannan yayyafin? Ai ruwan zamanin su Inna ke nan. Yaushe rabonka da irinsa?"

Ta ɗauki bahon wanki ta sheƙa gaba ɗaya. Ruwa bai tsaya neman rafi ba, ya yanko ta gonaki, ya yi gaba da ƙoƙon.

Hambali ya je ya tsinto ƙoƙon. Ya gyara lakar, ya mayar da ƙoƙo.

"Ƙara, don Allah."

Ta ƙara. Haka dai.

Kafin ruwan shuka ya kira gayya, aka gina sabon rumbu a kan tudu, aka kwashe dawa. Da damina ta yi tsakiya, ranar wata Laraba da hantsi, gaɓar ta rufta da tsohon rumbun. Hambali yana tsaye cikin ruwan sama yana kallo, sannan ya shigo jiƙe sharkaf.

"Uwaliya, ashe ta burtalin shanu ruwan ya biyo! Ni ko ban sa burtali a ginin lakata ba."

"Dawa dai tana tudu, alhamdu lillahi," ta ce. "Cire rigar nan kafin mura ta kama ka."