Basilin a wuyan rigar Malam Sani

Har gobe ba zan manta da wata ranar Laraba ba, a watana na biyar a shagon kayan kwalekwale da ke kusa da tafkin Titiwangsa a Kuala Lumpur. Ku sababbin shiga da kuke mini dariya in na hana ku taɓa riguna da maiƙo a hannu, ga dalilina.

Aikinmu bayar da hayar kayak ne, wato ƙaramin kwalekwalen mutum ɗaya, da gyaran rigunan ruwa. Rigar ruwa riga ce ɗaya daga wuya har ƙafa, da roba a wuya da wuyan hannu, sai zif mai hana ruwa shiga. A zafin Kuala Lumpur ba mai sa ta, masu zuwa ƙasashen sanyi ne ke kawo mana. Mai shagon, Kak Noraini (Kak na nufin yaya a Malay), tsohuwar matuƙiya ce, gajera, mara yawan magana.

Malam Sani, ɗan Zariya da ke digiri na uku kan ruwan koguna, ya kawo tasa a duba masa kafin tafiya ɗibar samfuri a wani tafki mai ƙanƙara. Saura wata guda ya tashi. Da na ga ɗan gida ne, sai na ce bari in yi masa gata. Na wanke rigar, na baza ta a rana kamar yadda uwata ke shanya, na ga robar wuyan ta ɗan bushe, na ɗauko basilin na lafta mata. Mu a wajenmu, duk abin da ya bushe, daga leɓe har faso, maganinsa basilin. Na rataye ta ina jin kaina gwani.

Ran Larabar da ya zo karɓa, jirginsa Juma'a. Ƙa'idar Kak ita ce, ba rigar da ke fita sai ta ja kowace roba da yatsunta. Tana jan wuyan, sai ya manne mata a hannu kamar cingam, ya tsage. Ta shinshina yatsanta, ta ɗago.

"Wa ya sa wa wannan mai?"

Wallahi na so in ɗora wa zafin gari laifin, don zafi ma yana cin roba. Amma na dubi Malam Sani, mai mata da 'ya'ya biyu a unguwar Setapak, na ce, "Ni ne, Kak."

"Haba Malam Bashir," in ji shi, "jibi fa zan tashi! Yanzu ya ke nan?"

Kak ba ta yi mini tsawa ba. Ta aika kedai na kusa, wato kanti, aka kawo ƙanƙara, ta cika bokiti, ta ce mu biyun mu tsoma hannu har gwiwa. Da farko numfashina ne ya sarƙe. Bayan ɗan lokaci ta miƙo mini rigar ceto ta ce in ɗaura maɗaurinta. Yatsuna suka ƙi, kamar na aro. Malam Sani ma ya kasa.

"Hannu ne kawai wannan, lah," ta ce, da "lah" ɗin da suke ƙare magana da shi a nan. "In wuyan ya tsage a tafki, ruwan har ƙirjinsa zai shiga. Da wane hannu zai kama kwalekwalen?"

Kunya ta kama ni, tsoro ya fi ta.

"Boleh, zai yiwu," ta ce da Malam Sani, "gobe da la'asar ka dawo." Ta juya allon ƙofa alamar an rufe, ta zaunar da ni gefenta. Ta yanke tsohuwar robar, ta goge gurbin tas, ta shafa gam, ta ɗora sabuwa a kan zoben katako. Sai ta miƙo mini robobin hannayen, don su ma man ya taɓa su, ta ce ni zan yi, ni da na ɓata. Sau biyu tana ɓare nawa. Tana aiki tana karanto mini: ruwan famfo bayan kowane amfani, shanya a inuwa, hoda mara ƙamshi ga roba, kakin zuma ga zif, ba mai, ba turare, ba guga.

Washegari ta toshe wuya da hannayen, ta hura wa rigar iska, ta bi ta da ruwan sabulu tana neman kumfa. Babu ko ɗaya. Da Malam Sani ya zo, ta sa shi ya shiga tafki da ita, ya kifar da kayak ya fito, har sau uku.

Bayan mako biyu ya turo mini saƙon murya, haƙoransa na kaɗawa: "Malam Bashir, yau iska ta kifar da ni. Ka gaya wa Kak singiletina ko jiƙewa bai yi ba."

Na fassara mata. Ta gyaɗa kai, ta miƙo mini wata rigar.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a son mutum ba ya tsare shi, sai sanin aiki. Ni na so Malam Sani, amma na kusa halaka shi. Ita ba ta san shi ba, amma ta dawo da shi ga iyalinsa. Basilin ɗina yana gida, a gefen gado. To, ku je ku wanke hannu.