Yatsu uku na surukina

Har yau in na ga ana tufka igiyar rama sai raina ya ɓaci. Sana'ar surukina ce, kafin hawan jini ya shanye masa ɓarin dama ana tsakiyar cirar gyaɗa.

Ranar da za a sallame shi daga asibiti a birni, ni kaɗai ce a kansa, 'ya'yansa maza sun fita neman mota. Malamar sashen gashin ƙashi ta kama hannun da ya shanye, tana buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta miƙar da gwiwar hannu, ta ɗaga kafaɗa a hankali. Ta ce safe da yamma, kullum, in ba haka ba hannun zai ƙandare. Ban yi boko mai nisa ba, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita.

Da muka dawo gida na faɗa wa maigidana, ya ce to, ya tafi gona. Na faɗa wa wansa.

Ya ce, "Sannu likita. Kwana nawa kika yi a birnin?"

Na ce, "Yaya, in ba ku da lokaci, ku bar ni in riƙa yi masa."

"Ki kama hannun surukinki? A gidan nan? Ashe kunyar taki ta baki ce."

Na ja bakina na yi shiru, ni da ko ruwa ba na sha a gaban Baba. Wata uku ina kallo. 'Yan dubiya na shigowa da man shafawa kala-kala, ba wanda ya buɗe yatsa ko ɗaya. Yatsun suna ta naɗewa cikin tafin kamar ganyen da ya sha rana. Inna, matar Baba, tana ba shi tuwo a baki don ya rantse ba zai ci da hagu ba, shi kuwa yana kawar da kai.

Wata safiya na kai masa koko, na tarar yana ɓamɓarar yatsun da hagunsa. Bai dube ni ba. Da harshen nan nasa mai nauyi ya ce, "Ke, yaya matar nan ta ce a yi?" Ya ɗago hannun ya ajiye a gefen tabarma. Na shimfiɗa gefen mayafina a kai, na fara.

Da muka koma asibiti, malamar ta juya hannun ta ce, "Ina kuka shige duk watannin nan?"

Babban yatsa da manuni sun dawo, yana kai loma bakinsa da kansa. Sauran ukun suna nan a dunƙule, tufkar igiya kuwa ta ƙare. Yaya yana gaya wa baƙi wai haka Allah ya ƙaddara. In na ji, shigewa ɗaki nake yi, don kar in tambaye shi ko Allah ne ya hana ni kama hannun. Ni ma ban yafe wa kaina shirun nan ba.